Tayar da Ba ta Keken Saje Ba

Ya ku 'ya'yana, da jikokin da za su karanta wannan bayan an mai da ni ga ƙasa, yanzu na iso shekarar da na fi jin nauyin rubutawa, wadda kuma na fi gode wa Allah a kanta. Na san zance iri biyu ke yawo a gidan nan game da faɗuwar Saje Bawa a hanyar Mahuta. Manyanku sun ji gaskiya da kunnuwansu, amma suka riƙa sassauta ta saboda kunyata, har ƙanananku suka tashi da cewa wai tayar jabu aka sayar mana. Ba tayar jabu ba ce. Ina so a bar faɗin haka a zuriyata, domin wannan magana ta kusa raba wani mutum da garin da ya haifi 'ya'yansa a ciki, kuma mutumin yana raye.

Shekara ta uku ce da ajiye aikina na hedimasta, lokacin da babura masu araha suka cika Zuru, duk mai keke ya jingine shi a jikin rumbu ya koma hawan kabu-kabu. Mu biyu kaɗai muka rage muna hawan keken tsere, irin mai siririyar taya da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago, kuma dukanmu mun haura sittin. Nawa tsohon ƙirar Ingila ne, na same shi daga hannun wani malami baƙo da ya koyar tare da mu ya koma ƙasarsu. Fiye da shekara ashirin ina riƙe da shi, hannun mai gyara bai taɓa taɓa shi ba. Kowace Asabar da safe nakan kifa shi a gindin mangwaron tsakar gida, in wanke sarƙa da kananzir da tsohon burushi, in kwance tsakiyar ƙafa in zube boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan, a farin faranti don kada ko ɗaya ya ɓace, in goge su, in sa sabon giris, in mayar. Ƙafar da ta karkace kuwa da kunne nake miƙe ta: in taɓa kowane sifok, wato siririyar wayar ƙafar, in ji amonsa, wanda ya saki in ɗaure, wanda ya yi tsauri in sassauta. Ban ɓoye muku ba, ina alfahari da wannan ƙwarewa fiye da yadda nake alfahari da takardun aikina.

Na biyunmu shi ne Saje Bawa, Badakkare ne mutumin Manga, Kirista, tsohon soja. Benci ɗaya muka zauna da shi a elementare, ya tafi soja na tafi koyarwa, tsufa ya sake haɗa mu a unguwa ɗaya. Kekensa ya zo da shi ne daga wata ƙasa da aka tura su aiki, ya fi nawa sabunta, ya fi shi rashin nauyi, giyarsa ta fi yawa. Mutumin da ke cika bakin yana iya kwance bindiga ya ɗaure ido rufe, amma faci ɗaya bai iya yi ba. Saboda haka kekensa a hannuna yake. In ya kawo shi sai ya zauna a kan turmi yana shan kunun Innarku yana ba ni umarni kamar ni kurtu ne, ni kuwa ina gyara masa Hausa kamar yana aji uku. Bai taɓa duba abin da na yi ba. Ina gamawa sai ya hau.

Na uku a wannan labari shi ne Kilitus, ɗan kasuwa daga kudu maso gabas, wanda ya fi shekara ashirin a Zuru yana sayar da kayan keke da na injin niƙa a bakin kasuwa. 'Ya'yansa huɗu a nan aka haife su, sun fi shi jin Hausa, har Dakarci suna yi. Shi kaɗai ke kawo siririyar taya a garin, daga Anaca, saboda ni yake kawo ta.

A bazarar wannan shekara wani abokin aikin Saje da ke Mahuta zai aurar da ɗiyarsa, ya aiko da goron gayyata haɗe da tsokana, wai in tsofaffin nan biyu za su zo a kan kayan wasan yaransu, su gaya masa ya aiko da jaki ya jira su a rabin hanya. Saje ya rantse sai mun isa a kan keke kafin a shiga coci. Saura kwana goma sai na ga zare ya bayyana a tayarsa ta gaba. Tayoyin da ya zo da su daga waje sun ƙare, wannan ne karo na farko da zan saya masa. Na tafi shagon Kilitus bayan azahar, ba kowa sai shi, na ce ya ba ni irin tawa guda ɗaya.

"Baba Hedimasta, ba wata biyu ke nan ka sayi taya ba? Ko ka fara kabu-kabu da shi ne ba mu sani ba?"

"Ta Saje ce," na ce.

Ya miƙo hannu ya karɓe tayar daga hannuna. Ya juya gefenta, ya goge da babban yatsa, ya nuna mini wasu ƙananan lambobi da ban taɓa kula da su ba.

"A'a, Baba. Na Saje daban. Duba nan. Naka ɗari shida da talatin. Na Saje na duba shi ranar da ya zo sayen famfo, ɗari shida da ashirin da biyu ne. Wannan taya ya yi wa ƙarfensa girma. Ido ba ya gani, amma iska yana gani."

"Bambancin nawa ke nan?"

"Takwas."

"Milimita takwas," na ce, "kaurin fensirin ɗan firamare. Kilitus, ina gyaran keke tun kafin ka san hanyar Zuru."

"Gaskiya ne, Baba. Amma ka ba ni sati biyu, ɗan'uwana zai sa nasa a mota daga Anaca."

"Biki saura kwana goma."

Sau uku ya faɗa mini, sau uku na ƙi. A ƙarshe ya naɗe ta ya ba ni da hannu biyu, kamar yadda ake ba babba abu, ya ce shi dai ya faɗa.

Da na zo gida na ɗora ta a rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, sai ta faɗa ciki da kanta, ko cokalin ɗaga taya ban ɗauka ba. Duk mai gyaran keke ya san taya ta ƙwarai sai an yi kokawa da ita kafin gefenta ya shiga. Hannuna ya san gaskiya tun a wannan lokaci, girman kaina ne bai yarda ba. Sai na tuna dabarar da muke yi wa manyan kekuna na kai kaya kasuwa idan taya ta saki: a yanka tsohon tib tsiri-tsiri a naɗe rim da shi har ya yi kauri. Waɗancan kekuna iskarsu kaɗan ce, tafiyarsu ta jaki ce, ƙarfensu mai zurfi ne. Keken tsere kuwa iskarsa ta ninka tasu, abin da ke riƙe tayarsa ɗan leɓen ƙarfe ne da bai kai faɗin farce ba. Duk na san wannan. Na shiga ɗaki na ɗauko almakashin Innarku, ta biyo ni har gindin mangwaro.

"Malam, almakashin ɗinki ne wannan, ba na yankan roba ba."

"Yanzu zan mayar miki."

Ta tsaya tana kallona ina naɗi, zagaye ɗaya, biyu, uku.

"Mi kake naɗawa haka kamar mai ɗori?"

"Zama nake gyara mata."

"In daidai take da ƙarfen, mi ya kai ta ga son zane har uku?"

Na ce mata ta koma ga tukunyarta. Na ba tayar iska matsakaiciya, ta zauna, Saje ya yi mako guda yana yawo da ita cikin gari ba abin da ya faru, har na fara shirya abin da zan gaya wa Kilitus in mun dawo. Ranar tafiya ya zo da sassafe cikin farar riga, ya matsa tayar da yatsa, ya ce in ƙara mata iska ta yi tauri kamar burodin bariki, don yau jakin mutumin Mahuta zai koma gida ba kaya. Na ɗauki famfo na ƙara.

Rana ta yi zafi tun da hantsi. Mun ci fiye da rabin hanya muka iso wani dogon gangare, Saje yana gaba yana riƙe da birki, ƙarfen yana ɗaukar zafi, ni ina biye da shi. Sai na ji ƙara kamar ta bindiga. Tayar ta yi tsalle ta bar ƙarfen, tib ya fashe, kan keken ya juye, na ga abokina na shekara hamsin ya tashi sama ya sauka a kan duwatsun gefen hanya. Cinyarsa ta dama ta karye, gefen fuskarsa ya saɓule. Mutane suka fito daga gonaki inda suke sharar daji, aka tsai da wata a-kori-kura. Kuma a lokacin da suke ɗaga shi yana cije leɓe don kada ya yi ihu gaban farar hula, ni na durƙusa a kan ƙafar keken kamar mai duba ɓarna, na warware robar nan na cusa a aljihun rigata. Wannan ne laifina na biyu, ya kuma fi na farko muni, domin na farko kuskure ne, na biyu kuwa da sanina na yi.

Ya yi kwanaki a asibiti, daga nan danginsa suka ɗauke shi zuwa Manga wurin mai ɗorinsu. Babban ɗansa Iliya, kofur ne a soja a lokacin, ya ɗauki hutu ya zo. Yaro ne da na koyar, mai ladabi, mai zafin zuciya irin na ubansa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambaye ni inda aka samo tayar. Na ce a shagon Kilitus na saye ta, sabuwa fil. Ba ƙarya a cikin kalmomin, ƙaryar tana cikin abin da na bari a baki. Iliya ya ɗauki tayar ya tafi kasuwa, ya jefa ta a ƙofar shago, ya ce wa duk mai kunne ga mutumin da ke sayar wa tsofaffi mutuwa. Kilitus ya ce ya gargaɗe ni. Iliya ya dawo gidan nan ya sake durƙusawa.

"Baba, ya ce wai ya gaya maka tayar ba ta keken ba ce. Haka ne?"

"Na tsufa, Iliya," na ce. "Ba duk abin da aka faɗa a kasuwa nake riƙewa ba."

Ni da nake iya jera sunayen ajin da na koyar shekara talatin baya, har da inda kowa ke zama. Kun san garinmu, da wuya ka sami gidan da ba soja ko tsohon soja, kuma abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. A gefe ɗaya ga hedimastan da ya koyar da rabin gari, a ɗaya gefen ga baƙo. Cikin mako guda ƙafa ta ɗauke daga shagon. Masu kekunan kai kaya suka koma wani wuri, mata masu injin niƙa suka gwammace su aika har wani gari a sayo musu bel. Na ji ko a cocinsu sai da aka riƙa matsawa daga bencin da iyalinsa ke zama. Mako biyar ana haka. Ni kuwa duk bayan kwana uku ina Manga da lemo a leda, ina zaune kusa da Saje, ina jin ana tsine wa Kilitus, ina cewa Allah ya kyauta.

Innarku ta tsinci robar tun ranar da ta wanke rigar, ta adana ta ba ta ce komai ba, tana jira in yi magana da kaina. Ran Juma'a ta mako na biyar ta kawo mini koko da ƙosai da safe, kusa da kwanon ga robar nan a nannaɗe a kan faranti. Ta zauna nesa kaɗan, yadda ta saba.

"Jiya kana Manga matar Kilitus ta zo," ta ce. "Sallama ta zo yi. Sun yi magana da mai babbar mota, ran Litinin da azahar zai kwashe su da kayansu. Ta bar mini kajinta bakwai, ta ce ba za su kai can da rai ba. Ta kuma ce in yi maka godiya, kai ka ɗauki 'ya'yanta makaranta lokacin da ba su san kowa ba."

Na tsura wa robar ido.

"Malam, shekara talatin da bakwai ban ɗaga maka murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. Amma ga kajin can a akurki. Ni ba zan iya zuba musu tsaba ba, ba zan kuma iya cin ƙwansu ba. Ka san yadda za ka yi da su."

Ta tashi ta bar ni da faranti. A masallacin Juma'a ran nan ban ji ko kalma ɗaya ta huɗuba ba. Da aka sallame na wuce shagon Kilitus, na tarar da rabin kaya a ɗaure cikin buhuna, katakan da ake jera kaya tsirara. Da ya gan ni sai ya goge benci da gefen rigarsa ya ce in zauna. Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Sai ma ya shiga ciki ya fito da wata taya a cikin takardarta, ya nuna mini ƙananan lambobin, ɗari shida da ashirin da biyu. Ashe ranar da na bar shagonsa ya buga wa ɗan'uwansa waya duk da haka. Ta iso kwana huɗu bayan faɗuwar. Na ce masa jibi zan tafi Manga in faɗi gaskiya, ya zo mu tafi tare.

"A'a, Baba. In na bi ka, za su ce na matsa maka, ko na ba ka wani abu. Ka je kai ɗaya. In kuma ba ka iya ba, ba komai. Na riga na ɗaure kaya."

Ran Lahadi na ɗaure ƙafar kekena ta gaba, da ta keken Saje wadda ke ajiye a wurina, da tayar da ta yi ɓarnar, wadda na karɓo daga shagon Kilitus, na hau kabu-kabu, karo na farko a rayuwata. Na isa bayan an taso daga coci, gidan cike da dangi. Saje yana kwance a inuwar rumfa, ƙafarsa ɗaure da karan ɗori, matarsa Ladi tana yi masa fifita, Iliya yana zaune a bakin rumbu. Bayan gaisuwa na ce ina roƙon a saurare ni. Ban san yadda ake faɗin irin wannan magana ba sai yadda na saba a gaban allo. Na ɗaga ƙafar kekena na gwada tayar a kai, suka ga sai da na yi da gaske gefenta ya shiga. Na ɗaga ta Saje na ɗora, ta faɗa, na girgiza ta zube ƙasa da kanta. Sa'an nan na fito da robar na ajiye a kan tabarma, na faɗi komai: gargaɗi uku, da naɗi uku, da aljihu, da amsar da na ba Iliya.

Iliya ya miƙe tsaye. Ubansa ya faɗi kalma ɗaya da Dakarci, ya koma ya zauna. Ladi ta daina fifita. Saje yana kallon rufin rumfa.

"Hedimasta," ya ce daga baya, "ka ce kaurin mi?"

"Kaurin fensir."

"An harbe ni sau biyu ban faɗi ba. Ashe fensir ke jirana a hanyar Mahuta."

Wani tsoho ya fara dariya ya haɗiye ta. Saje ya juyo da kai ya dube ni, ba dariya a fuskarsa.

"Tayar na yafe. Ni ma na ce ka ƙara iska, kuma ko makanikin bataliya yakan yi kuskure. Amma sati biyar kana zuwa nan da lemo, kana zaune inda kake zaune yanzu, ana zagin mutum a kunnenka. Ka bar ɗana ya je ya yi abin kunya da kakinsa. Wannan ba ni ke da ikon yafe shi ba. A ina aka ɓata sunan mutumin nan, a Manga?"

"A kasuwar Zuru."

"To, mi kake yi a nan?" Ya juya ga ɗansa. "Kai ma ka bi shi gobe. Bakinka ya yi aiki a wurin."

Washegari da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika, na sa babbar rigar da nake zuwa taron iyayen yara da ita, na tafi. Iliya ya riga ni isa, yana tsaye can gefe, bai dube ni ba. Na ja bencin Kilitus zuwa bakin hanya na hau. Muryar da ke tsai da yara ɗari biyar a filin makaranta ba ta mutu ba tukuna, na yi sallama sau ɗaya kasuwar wajen ta yi tsit. Na duba na ga fuskokin da na sani tun ba su da haƙoran gaba: mahauta, masu tireda, direbobi, mata masu daddawa. Na gaya musu cewa tayar da Kilitus ya sayar lafiyayya ce, ta wani keke ce daban, ya hana ni sau uku na ƙi ji, ni na cusa ta, ni na ɓoye shaida, ni na bar shi da laifi. Na ce duk wanda ya ƙaurace wa shagon nan saboda maganata, to maganar ƙarya ce, mai ita ya zo ya janye ta. Da na zo saukowa, ba wanda ya miƙo mini hannu, ban kuma ga laifinsu ba. Wani mahauci da na taɓa zane wa hannu saboda ƙarya ya ce daga bayan mutane, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, to shi Hedimasta wa zai yi masa bulala. Iliya ya tako har gaban Kilitus, ya cire hula, ya roƙi gafara da murya a sarari kamar mai ba da rahoto. Kilitus ya kama hannunsa da hannu biyu.

Kada ku zaci abin ya wuce kyauta. Saje bai sake hawan keke ba, da sanda ya yi sauran shekarunsa, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Iliya har yau yana gaishe ni irin gaisuwar da ake yi wa dattijon da ba a sani ba, bai sake durƙusawa a gidan nan ba, kuma haƙƙinsa ne. Waɗanda kan zo neman shawarata a kan rikicin gona ko na aure suka ragu, aka cire sunana daga wani kwamiti ba tare da an gaya mini dalili ba, na kuma san yara masu kabu-kabu suna kirana Milimita Takwas in na ba da baya. Ku ma kun sha tsokana a makaranta, ku gafarce ni. Duk da haka, in na auna, abin da aka ba ni ya fi abin da aka karɓe. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da matar da ta san lokacin yin shiru da lokacin ajiye faranti. Na gode wa Saje, wanda bayan ya warke ya dawo kan turminsa kowace Asabar, yana sa ni karanta masa ƙananan lambobin kowane abu da babbar murya kafin in ɗaura, ko na taya ne, ko na sarƙa, ko zaren feda, har Allah ya karɓi ransa muna abokai. Na gode wa Kilitus, wanda ya goge mini benci a ranar da ya fi kowa ikon hana ni zama.

Ran nan ban koma gida nan da nan ba, na zauna a ƙofar shagon ina jiran abin da zai biyo baya, domin ban sani ba ko maganata ta zo a makare. Awa guda ba wanda ya shigo. Mutane suna wucewa suna satar kallo. Can sai wata tsohuwa mai injin niƙa daga bayan kasuwa ta zo da tsinkakken bel a hannu, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta ce wa Kilitus ko yana da irin wannan, don mako uku ke nan tana ɗaure shi da waya. Ya ce yana da shi, amma yana ƙasan buhu. Ta ce to ya kwance mana, ita tana da dawar mutane a jiƙe. Iliya ne ya zaro wuƙa ya yanke igiyar.

Ana kiran azahar babbar motar ta iso ta tsaya tana hayaƙi. Direban ya leƙo ya ga buhuna uku a buɗe, kaya suna komawa kan katako, ya ce shi fa ba zai kwana a Zuru ba, a fito da abin da za a fitar. Kilitus ya dubi matarsa, wadda ta zo da yara da ƙunshin tafiya a ka. Ta daɗe tana kallon shagon. Sa'an nan ta sauke ƙunshin ta ajiye a ƙasa, ta juyo gare ni, ta ce in na isa gida in gaya wa Innarku za ta aiko a ɗauki kajinta.